Soja Ma Yana Buƙatar Jego

A ƙasar Hausa mace ba ta haihuwa da safe, da yamma a ce ta ɗora sanwa. Ko a gidan da ake fama da babu, ana barin mai jego ta huta. Tun ciki na wata bakwai maigida yake fara tara itace. In haihuwar fari ce, a mayar da ita gaban iyayenta. In ba ta fari ba ce, a ɗauko wata dattijuwa cikin dangi, gwaggo ko inna ko kaka, ta zo ta tare a ɗakin. Ita za ta hura wuta tun asuba, ta tsoma ganyen runhu ko na darbejiya a tafasasshen ruwa ta yi mata wanka, ta dama kunun kanwa, ta tsaya sai angon ƙarni ya kawo kauri da yaji. Haka za a yi ta yi har kwana arba'in. Babu mai tsayawa ya tambayi mai jego ko wani abu na damunta kafin a ɗora mata tukunya, domin haihuwar da ta yi ta isa hujja. Ban kuma taɓa jin macen da aka yi wa gori don an yi mata wankan jego ba. Wadda ba ta samu mai yi mata ba, ita ake tausaya wa.

Hausawa na cewa haihuwa yaƙin mata. In haka ne, mun yi wa wadda ta dawo daga wancan yaƙin kyakkyawan tanadi: wuri, da lokaci, da mutanen da za su tsaya a kanta. Wanda ya dawo daga yaƙin bindiga kuwa, a tarye shi a ƙofar gida, a ce barka da arziki, a dafa masa abin da yake so, maƙwabta su shigo su yi ta tambayarsa labarin daji. Kwana biyu kowa ya watse. Daga nan ana sa ran ya ɗauki rayuwa daga inda ya ajiye ta, ya kai yara makaranta, ya zauna majalisa, ya yi dariya inda ake dariya, kamar kasuwar ƙauye ya je ya dawo.

Amurka ta taɓa yin wannan ganganci, ta kuma ɗanɗana kuɗarta. Amurkawa kusan miliyan 2.7 ne suka yi aikin soja a yaƙin Biyetnam, fiye da 58,000 suka mutu. Iyayensu da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu galibi a jirgin ruwa suka koma gida, suna kwanaki ko makonni a kan teku tare da mutanen da suka ga abin da suka gani. Kafin a iso gaɓa an yi hira, an yi kuka, an yi barci. Sojan Biyetnam kuwa shi kaɗai ake tura shi, ya yi shekararsa guda, ranar da wa'adinsa ya cika a sa shi a jirgin sama shi kaɗai. Mutumin da shekaranjiya yake kwance a rami ana ruwan harsashi, yau ga shi a falon mahaifiyarsa ana tambayarsa ko zai ƙara nama. Ga shi ya tarar da ƙasa ta rabu biyu kan yaƙin, wasu na ganinsa mai laifi, wasu na ganinsa wanda ya jawo wa ƙasa abin kunya. Abin da ya rage masa shi ne ya ninke kakin ya jefa ƙasan akwati, ya ja bakinsa.

Ba don babu asibiti ba. Hukumar kula da 'yan mazan jiya ta Amurka na da manyan asibitoci a faɗin ƙasar. Amma matasan nan sun ƙi zuwa. A wurinsu, asibitin gwamnati wani bariki ne: layi, takardu, lamba, da likitan da bai taɓa jin ƙarar bindiga ba yana rubuta maka suna mai nauyi a fayil. Kuma a wancan lokacin ciwon nasu ba shi da ma suna a littafin likitocin ƙwaƙwalwa. Wanda ya kai kukansa, sai a ce ai dama can halinsa ne, ko giya ce ta lalata shi.

Sai suka nemi juna. A 1970 wasu tsofaffin sojojin Biyetnam masu adawa da yaƙin suka fara haɗuwa a wani ofishi a birnin New York, suna zama da'ira suna faɗin abin da ba sa iya faɗa wa matansu. Suka gayyaci likitoci biyu, Robert Jay Lifton da Chaim Shatan, su zauna tare da su a matsayin abokan zama, ba a matsayin masu duba marasa lafiya ba. A Los Angeles kuma wani mai suna Shad Meshad, wanda ya yi aikin kula da lafiyar ƙwaƙwalwar sojoji a Biyetnam ɗin, ya bar zaman ofis ya shiga bin 'yan uwansa a tituna da bakin teku da wuraren da suke kwana. Shekaru aka shafe ana kai ƙudurin kafa irin wannan hidima gaban majalisar dokoki yana faɗuwa, sai a 1979 ya samu shiga, shugaba Jimmy Carter ya sa hannu. Ba abin mamaki ba ne da aka yi nasara a lokacin, domin mutumin da ke shugabantar hukumar 'yan mazan jiya, Max Cleland, gurneti ya cinye masa ƙafafu biyu da hannun dama a Biyetnam a 1968. Ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Cibiyoyin da aka buɗe, waɗanda ake kira Vet Center, da gangan aka ƙi gina su a harabar asibiti. Shago ake kamawa a cikin gari, kusa da mai wanki ko mai sayar da abinci, a sa kujerun zama da tukunyar gahawa. Ma'aikatan da yawansu su ma sun sa kaki, wasu sun je yaƙin. Mutum na iya shigowa ya sha gahawa ya fita bai ce uffan ba, gobe ya dawo. Ba a biyan ko sisi. Ana buɗewa har da yamma ko ƙarshen mako saboda masu aiki. Bayanan da aka rubuta a kanka ba a miƙa su ga rundunarka ko wani ofishi sai da izininka, in ba rai ne ke cikin haɗari ba. Shekara guda bayan kafa su, a 1980, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da ciwon a littafinta, wanda duniya ta sani yau da PTSD, wato firgicin da ke bin mutum bayan ya tsallake tashin hankali.

Duk wanda ya san jego zai gane hikimar nan ba tare da an fassara masa ba. Me ya sa ba a ɗauko budurwa ta yi wa mai jego wanka, ko da ta fi tsohuwa ƙarfi? Saboda akwai abin da mai jego ba za ta iya buɗe baki ta gaya wa wadda ba ta taɓa durƙusawa ba. Tsohuwa tana kallon yadda ta zauna ta san inda ke ciwo. In ta same ta tana hawaye da tsakar dare babu dalili, ba za ta firgita ba, ba kuma za ta fita tsakar gida ta yi shela ba. Za ta karɓi jaririn ta ce, "Kwanta ki runtsa, 'yar nan, ni ma na yi." Wannan "ni ma na yi" ita ce rabin maganin. Soja da ya harbi wata inuwa cikin duhu, gari ya waye ya ga yaro ne, ba zai gaya wa matarsa ba, don da ita zai kwana ɗaki guda har ƙarshen rayuwa. Ba zai gaya wa ogansa ba, don ƙarin girmansa na hannun ogan. Amma yana iya gaya wa wani mai furfura da ya san nauyin bindiga a kafaɗa, wanda fuskarsa ba za ta canza ba in ya ji.

Akwai kuma batun wuri. A gida ake jego, cikin hayaƙin murhu da surutun yara, shi ya sa ba ya kama da jinya. Da a ce sai mace ta shiga mota ta je wani gini mai allon da aka rubuta "masu rauni bayan haihuwa" kafin a yi mata wanka, da rabin mata sun ce lafiyarsu ƙalau. Haka abin yake ga namiji, har ma ya fi, balle wanda aka horar da shi shekara da shekaru cewa soja ba ya gajiya. Ka ce masa ya je asibitin ƙwaƙwalwa, abin da kunnensa zai ji shi ne ka kira shi mahaukaci. Ka ce masa ya leƙo inda su wane ke shan shayi ranar Laraba, zai zo.

Mai jego ba ita kaɗai ake kula da ita ba. Tsohuwar nan tana sa ido kan jariri, tana rarrashin yayansa da aka ƙwace wa baya, tana ja wa maigida kunne. Cibiyoyin Amurka ma sun gane cewa yaƙi ba ya tsayawa a jikin wanda ya je. Matar da mijinta ke zabura cikin barci ya shaƙe ta bai sani ba, ita ma ta daina barci. Yaran da suka koyi tafiya da sanɗa saboda faɗuwar murfin tukunya na iya sa babansu ya birkice, su ma suna cikin yaƙin. Don haka ake zama da miji da mata tare, ko da iyali gaba ɗaya, a fahimtar da su cewa zaman da yake yi kullum fuskarsa na kallon ƙofa, da ƙin shiga kasuwa, da faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba, ba ƙiyayya ba ce. Jiki ne da ya koyi zama cikin shiri, ba a kuma sanar da shi an tashi ba. Tun 2003 aka ƙara da zaman rarrashi ga iyaye da mata da 'ya'yan sojan da ya mutu a bakin aiki. Ana kuma karɓar waɗanda aka ci zarafinsu ta hanyar lalata a cikin aikin soja, maza da mata, abin da rundunoni da yawa a duniya ba sa son ko a ambata.

Da farko an ɗauka abin na ɗan lokaci ne, 'yan shekaru a rufe. A 1981 gwamnatin Ronald Reagan ta nemi ta yanke kuɗin, majalisa ta ƙi. Wani babban bincike da aka kammala a 1988 ya nuna cewa cikin mazan da suka je Biyetnam, kusan kashi 15 cikin ɗari na fama da ciwon a lokacin, shekara goma sha biyar bayan janye sojoji, kuma kusan kashi 30 sun taɓa fama da shi. Daga baya wasu masana sun sake lissafi suka ce alƙaluman sun yi sama, amma babu wanda ya ce matsalar ƙarama ce. Aka ci gaba da buɗe ƙofa ga waɗanda suka je yaƙin Tekun Fasha, da tsofaffin Koriya da na Yaƙin Duniya, sannan na Afganistan da Iraƙi. Yau cibiyoyin sun kai kimanin 300, ban da manyan motoci kusan 80 da aka mayar ɗakin ganawa suna shiga ƙauyuka. Ostareliya ta bi sahu a 1982 da irin tata hidimar. Birtaniya da Kanada kuma, lokacin yaƙin Afganistan, sukan sauke sojojinsu a tsibirin Saifurus su ɗan sarara tare kafin a kai su gida, wato an dawo da wani abu na tafiyar jirgin ruwan nan ta da.

Kada a ɗauka Amurka ta gama da matsalar. Har yanzu 'yan mazan jiya fiye da 6,000 ne ke kashe kansu a can duk shekara. Cibiya ba ta warkar da wanda bai shigo ba.

Nan ne kwatancen ya fara ɗingishi, kuma gara a faɗa. Mai jego ta dawo da abin nunawa, ana ɗauka ana guɗa, ranar suna a yanka rago. Abin da soja ya dawo da shi ba ya nunuwa. Jego na da wa'adi, ranar arba'in a yi kitso a yi lalle a fita yawon gaida dangi. Na soja ba shi da ranar fita. Akwai waɗanda suka danne abin shekara talatin da aiki da hidimar iyali, sai da suka yi ritaya gida ya yi shiru mafarkan suka dawo. Sa'annan jegon kansa ya koya mana cewa kulawar gida, duk kyawun niyyarta, tana iya wuce gona da iri. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta hakan da yawan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Tsohuwa mai hankali ta san iyakarta: in ta ga ƙafa ta kumbura, numfashi na sama-sama, ba ƙara itace za ta yi ba, mota za ta nema.

Haka zaman 'yan uwa yake. In aka bar shi ba mai ilimin abin a ciki, yana iya komawa majalisar tsokano miki, kowa ya tashi ya fi yadda ya zo zafi, ko a ƙare da kwalba. An ma gano cewa tilasta wa mutum ya zazzage duk abin da ya gani a zama guda, jim kaɗan bayan abin ya faru, ba ya hana ciwon, wani lokaci ƙara shi yake. Abin da ya fi aiki shi ne magani na magana a hannun wanda aka horar, zama kamar goma sha biyu, ana bi da mutum sannu a hankali ta kan abin da yake gudu har ya daina razana shi, ana kuma warware masa ƙullin "laifina ne" da ya ɗaure kansa da shi. Shi ya sa ma'aikatan Vet Center ba tsofaffin sojoji ne kawai ba, masu takardar sana'ar ne, kuma in sun ga alamar mutum na shirin hallaka kansa ko wani, ko yana buƙatar ƙwaya, asibiti suke miƙa shi.

Mu ba baƙin wannan magana ba ne. Kakanninmu sun je ƙasar Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma garuruwa da yawa suna da labarin wani tsohon soja da ya dawo ya riƙa fareti shi kaɗai yara na binsa suna dariya. An yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. An je Laberiya a 1990, an je Saliyo, an je Darfur. Tun 2009 ake fafatawa a Arewa maso Gabas, ga dazuzzukan Zamfara da Katsina da Kaduna, ga Diffa da Tillaberi a Nijar. A watan Agustan 2018 wasu sojoji sun yi bore a filin jirgin saman Maiduguri, kukansu shi ne sun daɗe a fagen daga ba a canza su ba. Ban da masu kaki, akwai dubban matasan Kato da Gora da suka tashi a Maiduguri a 2013, da 'yan sa-kai da mafarauta, waɗanda suka ga abin da soja ya gani ba tare da bariki ko fansho ba. Duk waɗannan cikinmu suke dawowa. Mu ne maƙwabtansu, 'ya'yanmu suke aure.

Ba za a ce ba a yi komai ba. Akwai asibitin sojoji na 44 a Kaduna inda ake jinyar waɗanda suka ji rauni. Akwai cibiyar Oshodi a Legas da ke koya wa masu shirin ritaya sana'a. A 2022 ƙungiyar matan hafsoshin tsaro da 'yan sanda ta aza harsashin cibiyar kula da masu PTSD a Abuja, a 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta zamanin Turawa. Duk ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni ana sakin tattabaru don tunawa da 'yan mazan jiya. Sai dai kofur ɗin da ya yi ritaya ya koma Gumel ko Yawuri ba zai je Abuja don ya kasa barci ba. Matar da aka aiko wa da kayan mijinta a jaka, ta bar bariki da yara biyar ta koma ƙauye, tattabarun Abuja ba su san ƙofarta ba. Babban gini guda a babban birni tamkar a ce duk masu jegon Arewa su hallara wuri ɗaya a yi musu wanka ne.

Za a ce ina likitocin? Gaskiya ne, likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutane fiye da miliyan 200, kuma kullum wasu na ficewa. Amma Zimbabuwe ta nuna hanya. Tun 2006 wani likita, Dixon Chibanda, ya fara horar da tsofaffin mata su zauna kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya, wanda abinsa ya yi tsanani su tura shi gaba. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. In kaka za ta iya koyon wannan, tsohon saje ma zai iya.

Kayan aikin suna nan a ƙasa. Ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Najeriya na da rassa a jihohi, ko da yake an fi sanin 'ya'yanta da gadin ƙofa da fareti. Kowane bariki na da magajiya wadda ta san ɗakin da ake kuka da dare, da liman da fasto da ake kai wa ƙara. Abin da babu shi ne a zaɓi wasu daga cikinsu a horar da su, a biya su, a ba su ɗaki guda a cikin gari, ba cikin bariki ba, a haɗa su da likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Kware ko Dawanau ko Maiduguri wanda za su kira in abu ya fi ƙarfinsu. A kuma rubuta a doka cewa abin da aka faɗa a ɗakin ba zai isa teburin kwamanda ba, domin ranar da magana ɗaya ta fita, ranar ɗakin ya mutu. Mafi muhimmanci, a mayar da shi haƙƙin duk wanda ya dawo daga fagen daga, shi da iyalinsa, ba sai wanda ya fara duka ko harbin iska ba. In kowa na zuwa, babu wanda za a nuna da baki.

Kai kuma da ke da ɗa ko ƙane ko maƙwabci da ya dawo, ba sai ka jira gwamnati ba kafin ka daina tambayarsa mutum nawa ya kashe. In ya ƙi zuwa biki, kada a ce girman kai. In matarsa ta kawo kuka, kada a sallame ta da "ki yi haƙuri" kawai, a tambaye ta ko ita da yara suna cikin aminci. A nemo masa wani dattijon da ya taɓa sa kaki ya riƙa leƙo shi. In kuwa ya fara maganar ya gaji da duniya, ko yana rabar da kayansa, a raba shi da makami, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.